Ranar da Baba Ya Ba da Haƙuri

Masu cewa in daina wulaƙanta bawan Allah, na ga saƙonninku. Wata har ta rubuto min wai boko ne ya ɗebe min albarka, in ba haka ba wace mace ce za ta ƙi miji mai kamfani. To ku gyara zama. Yau zan gaya muku abin da mai kamfanin ya yi da ubana.

Ga waɗanda yau suka fara leƙowa, ni ce autar gidanmu. Na yi shekaru a ƙasar sanyi ina karatun shari'a, ɓangaren haƙƙin mallaka, wato wa ke da iko da waƙa, da littafi, da hoto, da duk abin da kai ya haifa ba ciki ba. Ina can Baba ya rasu. Na dawo da digiri na uku da akwatuna biyu, na tarar an mayar da kujerarsa wurin tara wanki. Yanzu ina koyarwa a tsangayar shari'a, ina zaune da Umma, shekaruna kuma sun kai inda dangi ke gaishe ni da muryar da ake duba mara lafiya.

Shi kuwa Injiniya ake ce masa. Ba injiniya ba ne, tallace-tallace ya karanta. Yayana ne ya kwaso shi a wurin motsa jiki ya kawo mana gida kamar wanda ya tsinci dami a kala. Farin takalmi da bai san ƙasa ba, agogon da ke ƙirga masa bugun zuciya, waya biyu, da turaren da ke riga shi shiga ɗaki ya kuma ƙi fita bayan ya tafi. Kamfaninsa yana yin manhajar da ke amsa kiran waya a madadin mutane. In ya buɗe baki gobe ce kawai ke fitowa: gobe na'ura za ta yi kaza, gobe duniya za ta koma kaza. Bai taɓa waiwayar jiya ba, sai ranar da ya ga kwalin Baba.

Baba mai gyaran rediyo ne. Shagonsa a jikin gidanmu yake, ƙofa ɗaya ta titi, ɗaya ta tsakar gida. Duk rikodar da ya gyara sai ya gwada ta da bakinsa kafin ya miƙa wa mai ita. Yana da kaset ɗinsa na gwaji, in ya cika ya jefa a kwali ya ɗauko wani. Kuma ba ya tsayawa yana cewa gwaji, gwaji, kamar sauran masu gyara. Abin da ke ransa yake zubawa.

"Wannan rikoda ta wani marowaci ce, ya bar ta har ɓera ya yi iyali a ciki."

"Uwargida, shayin nan zai zo ne, ko sai na shigar da ƙara?"

Sai ya mayar da kaset baya, ya saurari kansa, ya ce, "Ta yi." Faɗansa da mu, gulmar masu kawo gyara, tarinsa, dariyarsa, rabin rayuwarsa na cikin kwali ɗaya a ƙarƙashin gadon Umma.

Abu ɗaya ne babu a kwalin, ku riƙe shi da kyau. Baba bai taɓa ba wani mahaluƙi haƙuri ba. In ya ɓata wa Umma rai, sai ya tashi ya kwance fankar ɗakinta da ba abin da ya same ta, ya goge, ya mayar. Shi ke nan, an shirya.

Wata rana Umma ta yi ƙorafi a gaban Injiniya cewa rikodarta ta fara cinye mata kaset. Ina wurin aiki a lokacin. Wai har durƙusawa ya yi a gaban kwalin ya ce, "Umma, ai wannan taska ce. Ki ba ni in juye miki su a waya, kar su lalace." Na dawo na tarar da ƙarƙashin gado fayau, sai shatin kwali a kan ƙura.

Bai juye ba. Abin da ya kawo ya wuce haka. Ya sa wa Umma wata manhaja mai koren maɓalli, ya ce ta danna. Ta danna. Sai ga ɗan tarin nan da Baba ke yi kafin ya yi magana, sannan:

"Uwargida, kin tashi lafiya? Kin sha maganin hawan jininki?"

Maganar da Baba bai taɓa yi ba, a cikin muryar Baba. Na'ura ta haɗiye kaset ɗin duka ta koyi maƙogwaronsa. Kofin da ke hannun Umma ya faɗi.

Ba zan yi muku ƙarya ba, tun ranar Umma ta canza. Ta koma cin abinci. Ta fito da 'yan kunnenta na zinari da ta ajiye tun rasuwar. Safe da yamma takan danna maɓallin, ya tuna mata magani, ta ce masa, "To sarkin iyayi, na ji." Ni da idona na ga kumatunta sun dawo.

Daga nan gidan ya juyo kaina.

"Mutumin da ya dawo mana da Baba," in ji Yaya, "me kuma kike nema a jikin namiji? Fuka-fuki?"

"Auta, yaron nan ɗan albarka ne," in ji Umma. "Ki dube shi da idon rahama."

Shi kuma saƙo ba dare ba rana. *Doktata, kin ci abinci?* Da hoton zuciya. *Doktata, na yi mafarkinki kina koyarwa, ni kaɗai ne ɗalibi.* Wata rana ya rubuto: *Na karanta maƙalarki tun daga farko har ƙarshe.* Na taɓe baki. Na ɗauka irin ƙaryar maza ce, kamar su ce sun fi son mace ba kwalliya.

Ashe wannan karon gaskiya ya faɗa.

Maƙalar a kan muryar mamaci take. A taƙaice na ce dokarmu tana kare kaset, tana kare kalmomin da aka faɗa a ciki, amma amon muryar kansa ba shi da mai tsaro. In mutum ya mutu, muryarsa ta zama akuyar da ba igiya a tsakiyar kasuwa. Na rubuta ne don masu yin doka su toshe ramin. Na aika musu, ko gaisuwa ba su mayar ba. Farfesan da ya duba min ita waƙafi kawai ya gyara a bayanan ƙasan shafi, ya ce in ƙara ambaton littafinsa. Duk faɗin ƙasar nan mutum ɗaya ne ya karanta ta da zuciya ɗaya, shi ma ba don ya toshe ramin ba, don ya auna ko zai shige.

Ranar da abin ya fashe ina ofis. Ɗaki ne mai tebur biyu, fanka mai kuka, da kabad ɗin da ba ya rufuwa saboda takardun ɗaliban da suka gama tun ban zo ba. Intanet ya yanke, ina da darasin da zan tura. Na kira kamfanin da muke amfani da shi, na sa a lasifika, na ajiye wayar a kan tebur, na ci gaba da jan biro a takardar wani yaro da ya kwafi amsa har da sunan wanda ya kwafa.

Sai na ji tarin.

"Barka da kira. Duk ma'aikatanmu suna kan wani layin. Ku yi haƙuri. Laifinmu ne, muna ba ku haƙuri."

Biron ya tsaya a hannuna.

Abokiyar zamana a ofis, mai koyar da dokar filaye, ta ɗago kai. "Muryar nan da daɗi take. Jiya na kira da niyyar in zage su tas, dattijon nan ya kashe min jiki. Kamar kakana."

"Ku yi haƙuri," in ji Baba. "Kiranku yana da daraja a wurinmu. Ku yi haƙuri."

Ban yi kuka ba, masu jiran wannan su haƙura. Na zauna na rubuta takardar gargaɗi shafi ɗaya, na buga a firintar sashe, na sa a jaka, na ɗauki mukullin mota.

Ofishin Injiniya gilashi ne ko'ina, har ɗakin taro, don kowa ya ga ana taro. Samari sanye da abin kunne sun nutse a wasu kujeru kamar buhunan auduga. A bango an rubuta da manyan baƙaƙe cewa gobe ta iso. Ya taso da hannu a buɗe, rigarsa shuɗiya mai gajeren hannu don a ga aikin wurin motsa jiki.

"Doktata. Da kin faɗa ai da na aiko mota."

"Ubana yana amsa waya a kamfanin intanet."

Fuskarsa ta washe. Wallahi washewa ta yi. "Kin ji shi? Ya fita, ko? Sun ce ƙorafi ya ragu sosai. Mutanenmu ba sa iya zagin dattijo. Akwai wani banki ma da asibiti suna layi."

"Wa ya ba ka izini?"

"Zauna mana. Shayi ko ruwa?"

"Wa ya ba ka izini?"

"Umma ta ba ni kwalin da hannunta. Yaya ya turo min saƙon murya, ya ce in yi duk abin da ya dace." Ya jawo allon kwamfutarsa ya juyo min da shi. "Sai kuma ke."

Maƙalata ce. Ya shafa wa sakin layin rawayan fenti. Ya karanta min da ƙarfi, yana kaɗa yatsa kamar mai bitar hadda: murya ba ta cikin abubuwan da doka ta lissafa, don haka magada ba su da abin da za su riƙe. Ban taɓa jin jimlata ta yi muni haka ba.

"Ka juya shafi na gaba?" na ce. "Baba ne ya ɗauki kaset ɗin da hannunsa, haƙƙinsu nasa ne, ya faɗo kan magada. Mu uku ne. Kafin na'urarka ta koyi muryar sai da ka kwafe su, kuma ka kwafa don kasuwa. Umma ta ba ka ne ka juye mata, ba ka sayar ba. Ni kuwa ko sannu ban ba ka ba."

Na zaci zai daburce. Sai ya jingina, ya yi murmushin wanda aka zo daidai inda yake jira.

"Na karanta. Shi ya sa nake so mu zama gida ɗaya."

Kun ji fa. Ku da kuke ce min in duba saƙonninsa masu zuciya.

"Wato ba mata kake nema ba, lasisi kake nema mai dafa abinci."

"Kin cika munana zato, Dokta. Ina sonki tsakani da Allah. In so da amfani sun hau mota ɗaya, laifin direba ne? Dukiya ta zauna a gida, 'ya'yanmu su ci gadon kakansu. Ke da kanki za ki zama lauyar kamfani."

"Za ka cire shi daga layin nan, ka dawo da kwalin."

Ya tashi ya nuna min wata ƙofar ƙarfe a ƙarshen ofis, inda sanyi ke fitowa ta ƙasa. "Kin san Baban da ke gaida Umma ba a wayarta yake zaune ba. A can yake, cikin injinan nan. Shi da na kamfanin intanet mutum ɗaya ne. In kotu ta ce a goge, duka za a goge."

"Kana iya raba su."

"Ina iyawa." Ya duba agogonsa, ko bugun zuciyar yake dubawa, oho. "Amma me zai sa?"

Na fito. Turarensa ya raka ni har mota.

Na isa gida rana ta yi sanyi. Umma na falo tana ninke wanki a kan kujerar Baba, da doguwar riga ruwan toka da 'yan kunnen nan. Yaya ya miƙe a doguwar kujera, ƙafa a kan hannun kujerar, yana tsoma biskit a shayi. Matarsa ba ta barinsa ya yi haka a gidansa, shi ya sa yake yawan zumunci.

Ban yi dogon bayani ba. Na kira lambar kamfanin intanet ɗin, na sa a lasifika, na ajiye a kan tebur tsakanin kofin Yaya da kwandon wanki.

Tari. "Barka da kira. Ku yi haƙuri. Laifinmu ne, muna ba ku haƙuri."

Yaya ya tashi zaune. Ya dubi Umma, ya dube ni, sai ya yi 'yar dariya. "To mene ne a ciki? Baba ya samu aiki, na ofis ma kuwa. Yana raye ma bai samu haka ba."

Umma ba ta dube shi ba. Zanen gadon da take ninkewa na rataye a hannunta.

"Sake kira," ta ce.

Na sake. Ta zauna a hannun kujerar, ta rufe ido.

"Ku yi haƙuri. Laifinmu ne."

"Sake."

A raina na ce shi ke nan, na kawo wuƙar da za a yanka ni. Yanzu za ta ce yaron nan har haƙuri ya koya wa Baba, a sa rana.

Ta saurara har layin ya yanke da kansa. Sannan ta buɗe ido.

"Ranar da ya sayar da keken ɗinkina ya sayo kayan gyara, bai ce ba," ta faɗa a hankali. "Ranar da na haife ki yana shago, wai mai rediyo na jira, bai ce ba. Fanka ya goge." Ta ninke zanen biyu, ta ninke huɗu, ta ɗora a kan sauran. "To yau na ji. Na karɓi nawa. Ya isa."

"Kin gani ko," in ji Yaya. "Ai alheri ne."

"Rufe min baki. Ni ya yi wa laifi. Waɗannan da intanet ɗinsu ya yanke, me ya yi musu da zai tsaya safe da yamma yana lallashinsu? Mutumin da ko mai gidan haya bai taɓa sunkuyar masa da kai ba?" Ta miƙo min hannu. "Na san ba ki shigo hannu rabbana ba. Kawo takardar."

Na ciro. Na karanta mata: ya janye muryar daga kasuwa, ya dawo da kaset, in ba haka ba mu haɗu a kotu. Yaya ya fara wai a bi a hankali, wai mutumin nan suruki ne, wai ana barin halak don kunya. Da ya ga ba mai sauraronsa, ya zura takalmi ya fita tsakar gida, waya a kunne. Ba sai an gaya min wa yake kira ba.

Umma ta sa hannu a hankali, harafi bayan harafi, harshe a gefen baki. Ta miƙo min biro.

"Amma nawa na cikin waya, ba ruwan takardarki da shi, ko?"

"Umma, kin san ba shi ba ne."

"Ni na rufe masa ido, Auta. Na fi ki sanin ba shi ba ne." Ta gyara ɗan kunnenta. "Amma gara shi da shiru."

Na buɗe baki zan gaya mata maganar ƙofar ƙarfe, sai ta dubi agogon bango.

"Lokacin magani ya yi. Bari in ji sarkin iyayi."

Ta danna koren maɓallin. Wani ɗan zobe ya yi ta juyawa. Babu tari. Ta sake dannawa. Rubutu ya fito, ta miƙo min don ba ta sa tabarau ba. *An dakatar da wannan asusu.*

A daidai nan wayata ta yi ƙara.

*Doktata, na ji an ce manhajar Umma ta samu 'yar matsala. Kar ki damu. Amsarki kawai take jira ta gyaru.* Da hoton zuciya. Guda biyu ma.

Na karanta mata, ban rage ko zuciyar ba.

Umma ta ajiye wayarta. Sai ta tashi ta shiga ɗaki. Na ji ta durƙusa, na ji hannunta yana lalube a ƙarƙashin gado, na ji lokacin da ta tuna. Ta fito da ƙura a gwiwar rigarta. Ta ɓalle ƙwayar maganin, ta haɗiye ba ruwa. Ta ɗauko babban mayafinta baƙi, wanda take sawa in za ta gaisuwar mutuwa ko in za ta ga shugaban makarantarmu muna yara.

"Ofishin nasa ba su tashi ba?"

"Da saura."

"Ɗauko mukullinki."

Na rubuta shafuka a kan cewa doka ba ta kare murya, kuma har gobe ban janye ko waƙafi ba. Amma kwali ba murya ba ne. Kwali na Umma ne, kuma tun da nake ban ga wanda ya riƙe mata ko murfin tukunya ya yi barci mai daɗi ba.

Yaya ya tare mu a bakin ƙofa, wayar har yanzu a hannunsa.

"Umma, ina kuma za ki da yamman nan?"

Ta ture hannunsa kamar labule.

"Ba ka ce ubanku ya samu aiki ba? Zan je in ɗauko shi. An tashi."